Na sayar wa abokina mota, ya riƙe cikon kuɗina: ina mafita?

"Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Mabera ne a nan Sakkwato. A farkon 2023 na sayar wa abokina, wanda munka tashi tare tun makarantar allo, motata Sharan a kan naira miliyan 2 da dubu 800. Ya turo mini miliyan 1 da rabi ta banki, ya ce cikon miliyan 1 da dubu 300 sai bayan Babbar Sallah. Ba mu rubuta komai ba, ƙanena kaɗai ke wurin. Yanzu an yi Babbar Sallah biyu, abin da ya shigo hannuna dubu 150 ne, shi ma sai da na yi ta jeka-ka-dawo. Motar kuma kullum tana lodi tsakanin Sakkwato da Illela. Takardun asali suna hannuna, kwafi na ba shi, kuma ina da makulli na biyu. Wasu sun ce in je in ɗauko motata, wasu sun ce in kai shi ga 'yan sanda. Ga darajar kuɗin ta zube. Ba ni son zumuncinmu ya lalace, don iyayenmu sun san juna. Mi ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya warware maka. Idan na fahimce ka, kana bin abokinka naira miliyan 1 da dubu 150, babu takarda, shaidarka mutum ɗaya ne, motar tana hannunsa tana nema masa abinci, kai kuma kana son kuɗinka ba tare da ka rasa shi ba. Na daɗe ina aikin lauya a kotunan garin nan, kuma irin wannan maganar ta fi kowace yawan zuwa teburina bayan rigimar fili da ta gado. Bakinka kaɗai na ji, ban ji nasa ba, saboda haka abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan yadda ka ba da labarin.

Motar ta riga ta fita hannunka

Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ɗaci, kuma gara ka ji ta tun farko. Ranar da kuka yi ciniki, ka ce ka sallama, ya ce ya saya, ka miƙa masa makulli, motar ta zama tasa. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'armu ke aiki da shi haka ne, a dokar ciniki ta boko ma haka ne: idan an sayar da kaya sananne ba tare da wani sharaɗi ba, mallaka tana komawa ga mai saye ko da an jinkirta biyan kuɗi. Da a ce kun yi sharaɗi cewa motar tana nan a matsayin taka har sai ya cika, da magana ta sha bamban, amma ba ka ce kun yi ba. Abin da kake da shi yanzu bashi ne a wuyansa. Takardun asali da ke hannunka suna da amfani, zan dawo kansu, sai dai ba su mai da kai mai mota ba.

Don haka makullin nan na biyu, ka jefa shi cikin akwati ka rufe. Na taɓa tsaya wa wani bawan Allah da ya bi irin shawarar da ake ba ka. Ya je tasha da asuba, direban yana masallaci, ya tada motar ya kai ta gidan surukinsa ya lulluɓe da tamfol. Kafin azahar an rubuta masa ƙarar sata. Ranar da na je ganinsa yana zaune a bayan kanta, ba hula ba takalmi, yana ta maimaita mini cewa ai motarsa ce. Wanda yake bi bashi kuma ya ƙara da cewa akwai kuɗin fasinja a aljihun gaban motar, sun ɓace. Mutumin da ya fito neman dubu 600 ya koma yana roƙon a janye ƙara, kuma a zaman sulhu sai da ya yafe kusan rabi. Kotu ba ta son mutum ya zama alƙalin kansa, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana.

Maganar 'yan sanda kuwa, doka ta yi bayani ƙarara. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓanin da bai wuce na bashi ko karya yarjejeniya ba. Ofishinsu ba wurin karɓar bashi ba ne. Na san ana yi, kuma wani lokaci tsoro yakan sa a biya. Amma idan abokinka ya sami lauya, zai iya shigar da ƙarar tauye masa haƙƙi, a haɗa da kai da ka kai shi, a ci ku tara. Inda hukuma ke da hurumi shi ne idan akwai zamba tun daga tushe, ko ya ba ka cekin banki ya dawo babu kuɗi, wanda dokar 1977 ta mai da laifi mai ɗaurin shekara 2. Mutumin da ya biya fiye da rabi, ya sake kawo dubu 150, da wuya a ce ya shigo da niyyar damfara. Kuma ka tuna abin da ka ce kana so ka tsare. Ranar da mahaifiyarsa ta ji ɗanta ya kwana a sel saboda kai, zumuncin ya mutu, ko an biya ko ba a biya ba.

Babu ce ko taurin bashi?

Kafin ka ɗauki kowane mataki, sai ka san wane ne a gabanka, domin Shari'a ba ta haɗa su a kwano ɗaya ba. Wanda babu ta kama, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu. Wanda yake da shi ya ƙi biya, Annabi (SAW) ya kira jinkirinsa zalunci, a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito.

Ganin mota tana lodi kullum bai isa hujja ba. A ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur ta ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki. Wata biyu bayan nan aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, hanyar Illela da Ƙonni ta yi sanyi na tsawon watanni. Ga tsadar taya da kayan gyara. Mai motar haya da yawa a lokacin ya koma yana aiki ne don tankin mai da bakanike. Mai yiwuwa abokinka ya faɗa wannan ramin a farko, kunya ta hana shi faɗa maka, daga baya kuma ya saba da shirunka. Wannan shi ne abin da na fi gani: bashin da ya fara da babu, ya ƙare da raini. Mai bashi yana biyan wanda ya fi matsa masa ne, mai shagon kayan gyara, mai gidan haya, mai adashi. Aboki mai kawaici shi ake turawa ƙarshen layi, don an san ba zai ɗaga murya ba.

To ka duba da idonka. A cikin wannan lokaci ya ƙara aure? Ya sayi fili ko babur? Ya yi wa motar sabon fenti? Ka tambayi mutanen tasha a hankali nawa irin motarsa ke kawowa a rana bayan mai da kuɗin yuniyan. Ba don ka tona masa asiri ba, don ka san abin da za ka nema wanda zai iya ɗauka.

Abin da za ka fara nema: ya amsa da bakinsa, a rubuta

Idan ka manta duk abin da na faɗa, kar ka manta wannan. Matsalarka ta gaggawa ita ce rashin hujja, ta fi rashin kuɗin haɗari. Yau abokinka yana amsa bashin. Gobe idan rai ya ɓaci, zai iya cewa cinikin miliyan 2 ne, ko ya ce kun yi da kai za a cire kuɗin gyaran inji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware aboki ko ɗan'uwa ba. Kun tsallake ta a farko, amma ƙofar ba ta rufe ba.

Ka fara tattara abin da ke akwai. Ka je banki ka karɓi bayanan asusunka da ke nuna miliyan 1 da rabi da sunansa, da dubu 150 idan ta banki suka zo. Duk saƙon WhatsApp ko muryar da ya turo yana cewa ka ƙara haƙuri, kar ka goge, kuma kar ka sayar da wayar. Idan babu, ka rubuta masa saƙo mai laushi da ya ambaci adadin: "Malam wane, game da cikon kuɗin mota miliyan 1 da dubu 150, yaushe zan sa rai?" Ko "in sha Allahu ƙarshen wata" ya amsa, ya amsa bashin ke nan da adadinsa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe hanyar karɓar irin waɗannan saƙonni idan an cika sharuɗɗansu.

Sannan ka same shi kai kaɗai, ba a majalisa ba, ba a tasha gaban yaransa ba. Ka faɗa masa kai tsaye cewa kana cikin buƙata, kuma kana son a rubuta saboda rai da mutuwa. Wannan ba dabara ba ce, gaskiya ce tsagwaronta. Idan ya rasu yau, ana fitar da bashi kafin wasiyya da rabon gado, amma magada ba za su ba ka sisi da fatar baki ba. Kotu za ta nemi hujja, bayan hujjar kuma ta sa ka rantse cewa ba a biya ka ba kuma ba ka yafe ba, tunda mamaci ba ya nan balle ya kare kansa. Idan kai ka rasu, marayunka ba su da abin riƙewa. Shi ma amfaninsa ne. An kawo gawa gaban Annabi (SAW), ya dakata da yi mata salla saboda bashin dinare kaɗan har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mai imani ba ya jin wannan ya ƙi sa hannu. Idan kuwa ya ƙi, ya ba ka amsar tambayar da muka yi a sama.

Idan zaman ku biyu bai haifar da komai ba, sai a sa manya. Ka zaɓi wanda yake jin nauyinsa, yayan mahaifinsa, limamin unguwarsu, ko shugaban tasharsu. Na halarci irin wannan zama a wani zaure a cikin gari bayan sallar isha'i. Dattijon bai yi wa'azi ba, bai yi faɗa ba. Ya sa aka yago takarda daga littafin makarantar jikansa, ya ce wa mai bashin, "Faɗi da bakinka nawa ne." Mutumin ya daɗe yana juya makullin mota a hannunsa, kansa a sunkuye, sannan ya faɗa. Aka rubuta, ya sa hannu, mutum biyu suka sa. Dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihun rigarsa ya ce duk Juma'a a kawo masa kuɗin, shi zai miƙa. Bashin da ya shekara uku yana yawo ya ƙare cikin wata bakwai, don mutumin zai iya kauce wa abokinsa amma ba zai iya kauce wa gaisuwar Juma'a ba.

Takardar ba ta buƙatar Turanci. Ku rubuta da Hausa: sunayenku, irin motar da lambarta da lambar shasi, kuɗin ciniki, abin da aka biya, abin da ya rage, yadda za a riƙa biya da ranakun, da abin da zai faru idan aka saɓa sau biyu a jere. Shaidu maza biyu adilai, waɗanda ba su da amfani a cikin kuɗin. Ka fi son biyan mako-mako a kan na wata, domin kuɗin mota kullum yake shigowa kullum yake fita, ba ya taruwa. Dubu 30 duk mako zai kashe bashinka cikin mako 39. Kowane biya ya bi ta banki. Idan zai kawo wanda zai tsaya masa lamuni, ko ya ajiye jingina kamar takardar fili, ka karɓa, aya ta 283 ta halatta jingina.

Faɗuwar darajar naira

Na san nan ne ya fi yi maka zafi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da zai ba ka yau ba zai sayi rabin abin da zai saya a lokacin ba. Duk da haka ba za ka ce ya ƙara maka wani abu saboda jinkiri ba, wannan ita ce ribar da aka haramta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 1988 cewa bashin da aka ƙulla da wani kuɗi ana biyansa da adadinsa ne, ba da ƙimarsa ba. Idan shi da kansa ya ƙara maka ranar biya, ba sharaɗi ba alkawari, halal ne, kuma halin mutanen kirki ne.

Akwai tarko biyu da mutanenmu ke faɗawa da kyakkyawar niyya. Na farko, a ce tunda babu kuɗi, a mai da bashin buhunan shinkafa ko albasa da za a kawo da kaka. Malikiyya sun hana mai da bashi ya koma wani bashin na daban. Idan zai ba ka buhunan ne hannu da hannu a farashin yau, babu laifi. Na biyu, ka ce ka yafe masa a madadin zakkarka. Mafi yawan malamai ba su yarda wannan ya sauke zakka ba. Ni lauya ne, ba mai fatawa ba, don haka waɗannan biyun ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ka ƙulla wani abu.

Ragi kuwa yana hannunka, tunda lokacin biya ya riga ya wuce. Ka'ab bn Malik ya bi wani sahabi bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi, Annabi (SAW) ya yi masa nuni da hannu ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ka lura da haɗin: ragi tare da biya nan take. A ra'ayina, idan zai kawo dubu 950 a dunƙule cikin mako biyu, ka karɓa ka yafe sauran, ya fi maka miliyan 1 da dubu 150 da za ta zo a tsittsinke cikin shekara biyu naira tana ƙara narkewa.

Wata mafitar da nake yawan ba da shawara a kanta ita ce a sayar da motar. Farashin motoci ya tashi sosai tun 2023, saboda haka idan ba ta lalace ba, za ta iya biyan bashinka ya rage masa jari mai kauri. Da yardarsa za a yi, a kai wa dillali, ku biyu ku tsaya, a cire naka a wurin ciniki. Nan takardun asali za su yi maka aiki, don mai saye mai hankali ba ya biyan kuɗin mota bai ga takardar kwastan da shaidar mallaka ta asali ba. Ko kuma ku warware cinikin gaba ɗaya da yardar juna, ka mayar masa da abin da ya biya ya mayar maka da mota. Wannan sai ka kai bakanike ya duba ta tukuna, domin motar da ta yi wannan tsawon lokaci tana lodi ba ita ce wadda ka sallama ba.

Idan sai an je kotu

Kar ka ɗauki kotu a matsayin yanke zumunci. Sau da yawa sammaci kaɗai ke kawo kuɗin da shekara biyu na lallashi ba su kawo ba. Kafin nan ka sa lauya ya rubuta masa takardar neman biya mai wa'adin kwana 14, ko ka rubuta da kanka ka riƙe kwafi. Tunda ku biyu Musulmi ne, Kotun Shari'a ita ce mafi kusa da sauƙi, za ka iya magana da Hausa, kuma ba dole sai da lauya ba. Rajistara zai gaya maka matakin kotun da adadin kuɗinka ya dace da shi, da kuɗin shigar da ƙara. Ka karɓi rasit a kan duk abin da ka biya.

Alƙali zai karanta masa da'awarka ya tambaye shi. Idan ya yi iƙirari, magana ta ƙare, sai tsarin biya. Idan ya musa, hujja tana kanka, rantsuwa tana kansa. A nan ƙanenka zai yi amfani. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗa, ko ɗa ga uba, ko miji da mata ga juna, amma ana karɓar ta ɗan'uwa idan sananne ne da adalci kuma ba a ƙarƙashinka yake ci ba. A mazhabar Malik kuma, a sha'anin dukiya, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara sun isa a yanke hukunci. Idan shaidar ta faɗi aka juya masa rantsuwa ya ƙi, za a dawo maka da ita, ka rantse ka karɓi haƙƙinka. Hatsarin shi ne ya rungumi Alƙur'ani ya rantse a kan ƙarya, kuma na ga waɗanda suka yi. Shi ya sa na matsa maka a kan samun rubutu tun ana dariya da juna.

Bayan hukunci ma akwai aiki. Idan ya ƙi biya, sai ka koma kotu ta ba da umarnin kama kadararsa, har da motar, a yi gwanjonta. Wannan yana cin lokaci da ɗan kuɗi, kuma a gwanjo kaya ba sa yin daraja, abin da ya kamata shi ma a tuna masa tun a zauren sulhu.

Sunanka da ke kan takardun

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna. Motar tana bin hanyar iyaka kullum da rajista mai sunanka. Idan ta kaɗe mutum direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan da doka ta hana, lambar motar ƙofar gidanka za ta kawo jami'ai. Za ka iya wanke kanka daga baya, amma da me, tunda babu takardar da ta nuna ka sayar? Saboda haka ko bai biya ko kwabo ba a wannan makon, ka tabbata an rubuta takardar ciniki mai ɗauke da ainihin ranar da ka miƙa masa motar, da sa hannunsa da na shaidu, ka yi kwafi biyu ka ajiye ɗaya a wajen gidanka. Ka sa a cikin yarjejeniyar cewa shi zai riƙa sabunta lasisin motar da inshora, kuma takardun asali suna wurin dattijon da ya shiga tsakani ko wurinka har ranar biya na ƙarshe. A ranar ce za ku tafi tare ofishin rajistar motoci a yi canjin mallaka, a cire sunanka, ka miƙa masa takardun da makullin nan na biyu.